Robar da ke ƙanƙancewa a wuta: yanda muka ƙare da kwalin da aka aiko wa yara daga Amurka

Kwalin ya zo ne cikin tsarabar da ƙanwar maigidana ta aiko daga Amurka, an cusa shi tsakanin takalman makaranta da man shafawa, ni da farko ko kallo bai ishe ni ba don na ɗauka littafin kala ne irin wanda yara ke ɓatawa a kwana biyu su yar. Sai da aka yi hutu, yara suka cika gida, tawa mai shekara 7 da 'yar yayana mai 9 da ta zo mana hutu da kuma 'yar maƙociyarmu da kullum tana nan kamar a gidan aka haife ta, sannan aka tono shi daga ƙasan wardirof aka ajiye min a cinya wai Umma karanta mana.

Abun da ke ciki ba shi da yawa. Fallen roba guda shida masu kama da takarda, gefe ɗaya santsi yana ƙyalli ɗaya gefen kuma da ɗan kaushi, uku an riga an zana musu hotuna uku kuma farare tas, sai fensiran kala, sai ƙananan abun maƙale gashi na ƙarfe masu baki kamar na kada guda takwas, ɗan gam, da 'yar takardar bayani. A bayan kwalin an saka hoton yarinya baturiya gashinta ya zubo har kafaɗa ta maƙala wani ɗan fure a gefe. Wai yaro zai yi zane a jikin robar, ya yanka, a saka a oben, ta ƙanƙance ta yi tauri, a manna a jikin ƙarfen, shikenan ya yi abun gashinsa da hannunsa. A rubuce dai abu mai sauƙi.

Mun yi kwana uku muna fama kafin mu samu guda ɗaya da za a iya sakawa a kai a fita da shi, kuma duk kuskuren da muka yi yana da dalilinsa, shi yasa na ga gara in rubuta shi yanda ya faru.

Ranar farko yara suka zauna a tabarma suka yi ta shafa kala, wajen awa biyu ba wanda ya ce min yunwa, har na fara saka wa mai aikowa albarka. Aka yanka, na jera a faranti, na duba takarda na ga an rubuta 325. Na je gaban obena, ɗan ƙarami ne na lantarki da nake gasa kek da shi, na ga lambarsa ta ƙarshe 250 ce. Sai na ce a raina to ai namu bai kai nasu ƙarfi ba, bari in murɗa shi har ƙarshe in ɗan ƙara masa lokaci. Rashin sani ya fi dare duhu. Ashe 325 ɗin nan ma'aunin Faranhait ne da Amurkawa ke aiki da shi, mu kuma obenmu Salshiyos ne, in ka juya lissafin bai wuce digiri 163 ba. Wato na ƙara wa abun kusan digiri 90 a kan yanda ake so. Ko minti ɗaya ba a yi ba suka nannaɗe suka manne da juna, gefensu ya yi ƙuraje ya fara ja, wani wari mai hawa kai ya cika kicin. Na kashe na buɗe tagogi na kora yara tsakar gida. Falle biyu suka tafi a haka, tawa ta yi kuka har da shessheƙa don malam buɗe littafin da ta ɓata lokaci a kansa ya koma kamar ƙonannen ƙwaro.

Da dare bayan sun yi barci na zauna da waya ina bincike, don abun ya tsaya min a rai. A nan na gane ashe ba sabon abu ba ne ko kaɗan, mu ne dai bai iso mana ba. Wasu mata biyu ne matan aure, Betty Morris da Kate Bloomberg, a wani gari Brookfield da ke jihar Wisconsin, suka faro shi a 1973, suna neman aikin hannu da za su yi da 'ya'yansu maza a ƙungiyar sikawut ta yara. Suka saka masa suna Shrinky Dinks, suka fara sayarwa a wani rukunin kantuna na garinsu, daga baya manyan kamfanonin kayan wasa irin su Milton Bradley da Colorforms suka shigo ciki, yaran Amurka na shekarun 1970 da 1980 da shi suka tashi. Namu kwalin ba na wannan kamfanin ba ne, wani ne daban cikin masu kwaikwayo, amma robar iri ɗaya ce, sunanta folistirin, wadda in ka duba ƙasan wasu robobi za ka ga alamar kusurwa uku da lamba 6 a ciki, to ita ce.

Dalilin ƙanƙancewar shi ya fi burge ni, kuma da na gane shi sai sauran abubuwan suka warware. A masana'anta ana dumama robar ne har ta yi laushi, a ja ta tsawo a ja ta faɗi ta zama falle siriri, sai a sanyaya ta nan take tana a miƙe, ta daskare a haka ba don tana so ba. Da zarar zafi ya sake haura wajen digiri 100 ta yi laushi, sai ta koma yanda take tun asali. Duk macen da ta taɓa shan wahalar miƙar da gashinta da diraya, ta fito ruwan sama ya taɓa shi ya kanannaɗe ya koma gidan jiya, ta san wannan labarin. Ba narkewa take yi ba, ba kuma wani abu ke fita daga jikinta ba, tattarewa kawai take. Tsawonta ya koma kamar kashi ɗaya cikin uku, faɗi ma haka, to tunda ba abun da ya ragu dole kaurin ya ninka wajen sau tara, uku sau uku. Washegari da na yi wa 'yar yayana wannan bayanin ta yi shiru ta ce Anti ashe dai lissafin da ake mana a makaranta yana da amfani, na ce ke dai bari.

Har wani labari na gani da ya sa na daina raina abun. Wata malamar jami'a mai suna Michelle Khine, lokacin da ta fara aiki a Jami'ar Kalifoniya reshen Merced, jami'ar sabuwa ce ba a gama haɗa mata ɗakin gwaji mai tsadar nan da ake ƙera ƙananan na'urorin da ruwa ke bi ta siraran hanyoyi ba. Sai ta tuna da wasan yarintarta, ta buga zanen hanyoyin a jikin robar nan da firinta, ta gasa a ɗan oben, zanen ya ƙanƙance tawadar ta taso ta yi tudu, ta yi amfani da shi a matsayin abun zubi. An buga aikin a mujallar kimiyya a 2008. Ni kuma ga ni nan na kasa gasa malam buɗe littafi.

Rana ta biyu na saita 160, na shimfiɗa takardar gashin kek a faranti, na bar oben ya ɗau zafi tukuna. Muka saka guda uku, yara suka yi cirko-cirko a gaban gilashi. Nan ne inda kowa ke tsorata: robar tana fara jin wuta sai ta miƙe ta lanƙwashe ta naɗe kamar tana jin ciwo, ka rantse ta lalace, hannunka har ƙaiƙayi yake ka buɗe ka ciro. Kar ka taɓa. In ka yi haƙuri da kanta za ta sake ta kwanta, ta dawo 'yar ƙarama mai kauri, duka-duka minti biyu zuwa uku. In ta kwanta ka ƙara mata kamar daƙiƙa 30, ka fito da ita ka danne da wani abu mai shafaffen ƙasa, ni gindin kofin gilashi na yi amfani da shi, kafin ta huce. Guda ukun nan suka fito lafiya, ihu har maƙociya ta leƙo ta katanga tana tambaya ko lafiya. Muna jera zagaye na biyu NEPA suka ɗauke wuta, kuma ba su dawo da ita ba sai bayan isha'i na washegari. Janaretonmu ƙarami ne ba ya ɗaukar oben.

Hajiya, wato surukata, tana zaune a kan darduma tana kallon mu tun safe ba ta ce komai ba, sai a lokacin ta ce wai mu da muka yi shekara da shekaru muna gasa kek ɗin sallah a tukunya da yashi yau kuma an rasa yanda za a gasa 'yar roba. Na ce Hajiya ai wannan sai da ma'auni. Ta ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Haka na ɗauko wata tsohuwar tukunya da na daina girki da ita, na zuba yashi a ƙasa, na ɗora murfin gwangwani a kai na shimfiɗa takarda, na rufe da murfin gilashi don mu riƙa gani, na kunna gas can ƙasa-ƙasa na bar ta ta yi zafi kamar minti goma. Na fara gwadawa da guntayen da suka rage wajen yanka, na farko ya yi minti biyar bai motsa ba na ɗan ƙara wuta, na biyu ya naɗe ya kwanta daidai, na ce to a nan za a tsaya. Gaskiya ta yi, amma ba zan ce ta kai oben ba, zafin daga ƙasa yake zuwa don haka manya sukan ɗan karkace, sai ɗaya-ɗaya ake sakawa, kuma a tsakar gida na yi ba a kicin ba saboda warin ranar farko bai bar hancina ba. Ba aikin da za a bar wa yaro ba ne ko na minti ɗaya, su zane da yanka nasu, wuta tawa.

To an samu sun gasu. Sai matsala ta gaba, wadda ita ce ma ainihin abun da ya sa nake wannan rubutun, wato gashin da aka yi kwalin dominsa ba irin na 'ya'yanmu ba ne. Abun maƙalewar nan mai bakin kada an yi shi ne ya kama gashi mai santsi da ke zube. Tawa shuku ne a kanta, 'yar yayana kalaba, 'yar maƙociya zane. A kan shuku ba abun da zai kama sai dai a cusa shi ƙarƙashin kitson, yana shiga yana tsinko gashi yarinya tana Umma zafi, in an samu ya zauna kuma ya tsaya a karkace kamar eriya. A kan kalaba yana kamawa amma nauyinsa ya ja jelar ƙasa, ta yi tsalle biyu ya faɗi. Ga shi kuma ko ya zauna, yarinyar da za ta zura hijabi ta tafi islamiyya wa zai gani, banda ma ƙarfen yana kama hijabin ta ciki. Gam ɗin da suka sako shi ma bai riƙe ba, na gwada sufa gulu ya riƙe amma ya bar wani fari-fari kamar hazo a jikin robar ya kashe ƙyallin.

'Yar yayana ce ta kawo mafita ba ni ba. Ta ce Anti me zai hana mu yi su kamar duwatsun da ake saka mana a jelar kitso. Muka ajiye ƙarafan gefe gaba ɗaya. Amma nan ma sai da muka yi asarar guda biyu kafin mu koyi cewa huda kafin a gasa ake yi, in ta riga ta yi tauri ko ka sa ƙusa sai dai ta tsage, folistirin ba ta da haƙuri, karyewa take ba lanƙwasa ba. Kuma hudar ma ƙanƙancewa take tare da sauran jiki. Abun huda takarda na ofis yana yin rami kamar milimita 6, bayan an gasa ya dawo wajen milimita 2, zare ko siririn ƙarfe ne kawai zai shiga, jelar kitso ba za ta wuce ba. Don haka muka yi iri biyu: masu ƙaramin rami muka zura musu ƙaramar robar ɗaure gashi muka ɗaura a bakin kalaba, masu babban rami kuma na ɗora murfin maka, alƙalamin nan mai kauri, na zana da'ira na yanke da ƙaramin almakashi, suka fito daidai yanda kitso zai shige. Wata dabara da na gani wajen masu wannan sana'ar kuma na ji daɗinta, ka yanki siririn falle ka zana masa layukan rula santimita-santimita, ka gasa shi, shikenan ka samu rular da za ta gaya maka girman da komai zai koma, don ba duka kamfanoni robarsu ke ƙanƙancewa daidai wa daida ba.

Kala ma akwai abun lura. Duk abun da ka shafa zai taru a wuri ɗaya cikin tara na inda yake, don haka ja mai haske yana fitowa jajawur, shuɗi mai duhu kuma ya koma kusan baƙi. Tawa da ke danna fensir kamar tana faɗa da shi duk nata na farko sun fito duhu, sai da ta koyi shafawa sama-sama. A gefen mai kaushi ake shafa fensir, gefen santsi ba ya kamawa sai maka irin wadda ba ta gogewa. Kuma tunda ta gefen santsi ake kallon abun in an gama, rubutu juyewa yake kamar a madubi. 'Yar maƙociya ta rubuta sunanta da kyau da ƙawa, ya fito a birkice, ta ce ita wallahi ba za ta saka ba sai an sake. Na so in shafa musu jan farce marar kala don kar zanen ya goge, na gwada a ɗaya mai maka sai tawadar ta narke ta bazu, na bari.

Zanen da suka zo a kwalin, doki mai ƙaho ɗaya da kyanwa da bakan gizo, Hajiya ba ta so na masu rai ba, ta ce ba za a rataya wa jikokinta gumaka a ka su yi sallah da su ba, ban ja da ita ba don dama fararen fallayen sun fi ba yara nishaɗi. Suka koma zanen fulawar lalle, da tauraro da wata, ni kuma na zana musu dagin arewa a takarda suka ɗora robar a kai suka bi layi tunda ana hango ƙasa, shi ya fi kowanne kyau da ya ƙanƙance don layukan sun matse sun fito tsaf kamar aikin inji. Tawa ta so ta rubuta bisimilla na hana, abun da za a shiga banɗaki da shi a ka.

Abun da ya tsorata ni ya faru ne a rana ta uku da yamma. Autana mai shekara 2 yana ta rarrafe-rarrafensa a tsakaninmu, na juya kenan na ga bakinsa yana motsi, na sa yatsa na zaro tauraro ɗaya. Allah ya tsare bai haɗiye ba, amma jikina ya daɗe yana rawa. A kwalin an rubuta gargaɗi cewa ba na yara 'yan ƙasa da shekara 3 ba ne, na gani kuma na wuce, don lokacin da nake kallon abun falle ne mai faɗin tafin hannu, ban kawo a raina cewa girman da ya shiga wuta da shi ba shi zai fito da shi ba. A Amurka da Turai akwai wani ɗan bututu da ake gwada kayan wasa da shi, faɗin bakinsa milimita 31.7, duk abun da ya shige ciki gaba ɗaya ana ɗaukarsa a matsayin wanda zai iya shaƙe ƙaramin yaro. Tauraron nan kafin a gasa santimita 6 ne ba zai shiga ba, bayan an gasa ya koma 2. Ga tsini, don kusurwar da take laushi a falle in ta yi kauri sai ta zama kamar ƙaya, tun daga ranar duk abun da za a yanka sai an zagaye bakinsa, waɗanda aka riga aka gasa kuma na goge su da abun gyaran farce. Kuma na kafa doka ana ƙirga su kafin a kwanta, a cire daga kai a zuba a gwangwani mai murfi a ɗora saman firij.

Da fallayen suka ƙare yara suka addabe ni, na tuna da lamba 6 ɗin nan na shiga kicin ina juya robobin tekawe ɗaya bayan ɗaya. Kusan duka 5 na gani, wannan wata roba ce daban ba ta yin wannan aikin, na gwada guntu ɗaya ya lanƙwashe kawai ya tsaya. Farin nan mai kumfa da ake zuba shinkafa a ciki, wanda gwamnatin Legas ta hana a farkon 2024, shi ma 6 ne amma iska ce cike da shi, ban ko gwada ba kuma ban ba kowa shawara ba. A ƙarshe murfin wata robar kek mai garau da ke ƙara in an matsa na samu da 6, na yanke tsakiyar inda yake a shafe na goge gefe ɗaya da samfefa don fensir ya kama. Ya ƙanƙance, amma ba daidai ba, gefe ɗaya ya fi ɗaya ja, da'irar da muka zana ta fito kamar ƙwai. 'Yar yayana ta ce ba komai dama ƙwai take so.

Cikin fallaye shida, biyu sun ƙone, kusan ɗaya ya tafi a gwaji, sauran ukun suka ba mu guda 17 masu kyau. Ƙarafa takwas ɗin da aka yi kwalin dominsu guda ɗaya kawai muka yi amfani da shi, shi ma ba a gashi ba, dagin arewa na manna masa Hajiya ta karɓe tana maƙale bakin mayafinta da shi. Ranar da mai kitso ta zo yi musu na komawa makaranta ta ga na jelar kalabar tana ta juya su a hannu, ta tambaye ni a wace kasuwa na saya, tawa ta yi caraf ta ce ita ta yi, matar ta kalle ni tana jiran in ƙaryata. Yanzu banda na Hajiya saura 13 a gwangwanin, biyu sun ɓata a islamiyya, ɗaya kuma 'yar maƙociya ta ce ta ba ƙawarta aro tun sati uku da suka wuce.